AMSOSHIN TAKARDUNKU: Da Wane Mudu Ake Auna Fashewar Ƙwayar Zarra A Zariya?

Wasiƙu uku muka samu daga kudancin Jihar Katsina, duk a kan magana ɗaya, don haka muka haɗa su wuri guda. Ta farko daga wani mai awon hatsi ce a kasuwar Ƙanƙara. Ya ce ya ji labarin akwai injin nukiliya a Zariya, wai har masana suna faɗin ƙwayoyin zarra nawa ke fashewa a cikinsa kowace daƙiƙa. Ya ce shi tun yana saurayi yake awo, bai taɓa auna abin da ido bai gani ba, to su da wane mudu suke yi? Wani manomi daga Faskari kuwa tsoro yake ji kada abin ya tashi kamar bam. Na ukun, ɗan tireda daga Sabuwa, cewa ya yi me talaka zai ƙaru da shi?

To malamai, labarin gaskiya ne. Injin yana Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, sunansa NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, kuma ya fara aiki a watan Fabrairu na 2004. Ba ya ba da wutar lantarki. Zafin da yake fitarwa kimanin kilowat 30 ne, kuma cibiyarsa inda makamashin yake ba ta fi ƙaramin bokiti ba, tana nutse cikin ruwa.

Ga yadda abin yake. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yana da wani jinsi da ake kira 235. Idan wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai suna niyutiron ta shige cikin ƙwayar zarrarsa, sai ta tsage biyu, ta ba da zafi, ta kuma saki wasu niyutiron biyu ko uku. Su ma su je su tsaga wasu. Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka fara ganin wannan a Jamus a ƙarshen 1938. Dabarar mai kula da injin ita ce a cikin waɗanda aka saki, guda ɗaya tak ta sake tsaga wata. In ya gaza haka wuta ta mutu, in ya wuce haka zafi ya yi ta hawa. Ka ga ke nan awo ya zama dole.

Malam na Ƙanƙara, kai ma ai ba ka ƙirga ƙwayar gero ɗaya bayan ɗaya. Amma da za ka ƙirga na cikin cokali guda, ka san cokali nawa ke cika tiya, tiya nawa ke cika buhu, to ka san ƙwayar da ke buhu. Haka su ma suke yi. Akwai wani ɗan bututun ƙarfe da ake ajiyewa kusa da cibiyar injin. An shafa wa cikinsa yuraniyom ɗan kaɗan, an cika shi da iskar gas, an sa masa waya. Duk sa'ad da niyutiron ta faɗa ciki ta tsaga ƙwaya ɗaya, gutsattsarin sai su ratsa iskar, wutar lantarki 'yar kaɗan ta gilma ta wayar, allon ɗakin kula da injin ya nuna. Wannan bututu shi ne cokalin. Hanya ta biyu kuma, sukan tura ɗan siririn falle na zinariya cikin injin na ɗan lokaci. Zinariyar takan sha niyutiron ta koma tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi cikin kusan kwana uku. A fito da ita a ɗora a kan wata na'ura mai ƙirga hasken, daga nan a san yawan niyutiron da suka bi ta wurin. Lissafin da aka tabbatar shi ne, kafin a samu zafin wat ɗaya sai ƙwayoyi kimanin biliyan 31 sun tsage a daƙiƙa guda. A kilowat 30 kuwa, rubuta 1 ka jera masa sifiri 15, ka kusa kai wa adadin.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Na'urar awo wurin da aka ajiye ta kaɗai take faɗa wa labari, ba a iya cusa ta cikin kowane lungu na cibiyar. A nan kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa, take shigowa. Akan zana mata injin dalla-dalla: sandunan makamashi, ruwa, ƙarfen beriliyom da ya kewaye su, da sandar kadmiyom ɗaya ta tsakiya wadda ita ce birki. Sai ta ƙago niyutiron ta ƙarya ta bi ta sawu da ƙafa. Za ta bugi ruwa ne, za a shanye ta ne, ko za ta tsaga ƙwaya? A kowace mararraba sai ta jefa ƙuri'a bisa ma'aunin da aka riga aka gwada a ɗakunan bincike. Ta gama da wannan ta ɗauki wata, har miliyoyi, sannan ta fitar da taswirar inda fashewa ta fi yawa da inda ta yi ƙaranci. Dabarar ta fito daga Los Alamos ta Amurka a shekarun 1940, aka sa mata suna Monte Carlo, sunan wani gari da ya yi fice wajen caca. Sunan ne kawai, ba a cin kuɗin kowa.

Wanne ake yarda da shi, na'ura ko kwamfuta? A ganinmu wanda ya riƙe guda ɗaya ya yi sake. Kwamfuta abin da ka ba ta shi take tauna, in ka ba ta awon da ba daidai ba za ta ba ka ƙarya tsaf cikin lambobi masu kyau. Sai amsarta ta zo daidai da ta na'ura a wuraren da aka iya aunawa, sannan a gaskata ta a wuraren da hannu bai kai ba.

An ga amfanin haka a 2018. Tun farko injin yana aiki ne da yuraniyom da aka tace ya kai kashi 90 cikin ɗari, irin wanda duniya ke fargabar ya faɗa hannun miyagu. Aka shirya sauya shi da na kashi 13. Kafin a taɓa ko sanda ɗaya, masanan Zariya tare da na cibiyar Argonne ta Amurka sun yi ta gwada sabuwar cibiyar a kwamfuta, aka kuma gwada ta a zahiri a ƙasar Sin. Bayan an ɗora ta aka sake awo. Tsohon makamashin, kimanin kilo ɗaya, an mayar da shi Sin a ƙarshen wannan shekara.

Malam na Faskari, kwantar da hankalinka. Irin wannan inji in ruwansa ya yi zafi, fashewar da kanta take ja da baya, kuma makamashin kashi 13 ba ya yin bam. Akwai kuma hukumar tarayya mai suna NNRA da ke ba da lasisi tana sa ido.

Kai kuma na Sabuwa, abin da ya faru da fallen zinariyar nan shi ne sana'ar injin. A ɗauki ɗan samfurin ƙasar gona, ko taki, ko masara, ko farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, a tura shi ciki, a fito da shi a karanta haskensa. Kowane sinadari da irin nasa hasken, don haka za a gane ko akwai zinariya, ko sinadarin fotash da ke cikin taki, ko guba irin ta asenik, da kuma yawan kowanne. Sai dai ba komai yake gani da kyau ba. Dalma, wadda ta yi ɓarna a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, da wasu na'urorin daban ake auna ta.