Akwatin Da Ya Ƙone A Motar Rigakafin Kaji

Masu karatu da yawa sun san farar motarmu mai gado da firiji a ciki, wadda muke zaga ƙauyuka da ita. Irin motocin nan ne da mutanen Amurka ke tafiyar hutu da su, suna kwana a ciki. Wata ikkilisiya ce ta can ta ba mu ita bayan ta tsufa. Muka fitar da kujeru, muka sa ƙaramin firiji mai aiki da batir domin maganin rigakafin kaji.

A farkon hunturun da ya wuce mun sayo maganin annobar Nukasil daga Vom, muka nufi wasu ƙauyuka uku inda matan zumunta suka yi alkawarin tara kajinsu. Ciwon nan ya fi ɓarna a lokacin sanyi, daidai sa'ad da mace take sa ran sayar da zakarunta domin Kirsimeti da kuɗin makaranta. A dare na biyu fitilun motar suka dushe, firiji ya yi shiru. Mun ta da janareta, ba abin da ya sake. Maganin kuwa ana so ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. Kafin azahar ya ɗumama, dole muka zubar. Yi wa kaza mataccen magani ya fi ƙin yi muni, gama mai ita za ta saki jiki. Mata sun zo da kwandunan kaji tun da sassafe, muka sallame su haka nan. Kunyar ranar ba ta bar mu ba tukuna.

Da muka komo muka bi sawu. A ƙarƙashin gado akwai wani akwatin ƙarfe da ake kira kwanbata. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar janareta ya mai da ita wutar batir, watau wajen bolt 13.6, ya ba fitilu da firiji, ya kuma cika batir. Kada a haɗa shi da inbata da ake gani a shagunan caji; ita wutar batir take mayarwa wutar gida. Amma fa wutar gidan Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Domin haka kullum akwai taransifoma mai rage wuta tsakanin motar da janareta. Ashe an ari taransifomar nan domin wani taro, ba a mayar ba, ɗayanmu kuma ya jona motar kai tsaye daren da za mu tashi. Ya ce ya ji ƙara kaɗan da ƙauri, amma da ya ga fitilu suna ci bai damu ba. Batir ne yake ciyar da su. Injin mota yana ɗan cika shi a kan hanya, amma da muka tsaya kwana biyu sai ya ƙare sarai.

Gwajin ba wuya. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna 12.6 a mita. In aka jona wuta, lalle ya hau sama da 13. Namu bai motsa ba. Da mun yi wannan gwaji na minti biyu kafin mu tashi, da ba mu yi asara ba. Amma kafin a yanke wa akwati hukunci a duba fis, domin yawancinsu suna da fis mai ƙonewa in an juya kan batir. Namu fis lafiya lau, cikin ne ya ƙone.

Mun yi gardama a kan abin da za mu saya. Waɗansu suka ce a nemo irinsa daga Amurka. Mu dai muka ga wanda ya yi tuntuɓe da dutse gara ya kawar da shi daga hanya. Muka samo mai karɓar 230 kai tsaye a Jos, na amfiya 30, daidai da batirinmu mai amfiya 200. Mai shagon ya so ya ba mu na 60, wai ya fi sauri. Muka ƙi, gama wayoyin motar ba a yi su domin wannan nauyi ba, siririyar waya kuma in ta yi zafi gobara ce. Sabon yana da hankali fiye da tsohon: yakan fara da 14.4, ya sauko 13.6, in batir ya cika ya tsaya wajen 13.2, don haka ba ya ƙone ruwan batir. Wanda yake da batirin litiyam sai ya faɗa wa mai shago, domin nasa cajin dabam ne.

Ranar aikin mun kashe janareta, muka zare wayarsa, muka kwance kan batir na negatif tukuna. Kowace waya mun ɗaura mata takarda da suna, muka ɗauki hoto da wayar hannu. A nan ne muka kusa yin ɓarna ta biyu. Rewayan da ya taimake mu ya saba da motocinmu, inda ja ne fozitif, baƙi negatif. A irin motar nan kuwa farar waya ce negatif, baƙa fozitif. Har ya kama sukudireba sai malamar kiwonmu ta ce a sa mita tukuna. Ya yi dariya, ya sa, dariyar ta tsaya.

Tsohon layin 120 mun yanke shi gaba ɗaya, muka naɗe bakinsa, muka yi wa sabon akwatin tasa soket da wayar ƙasa. Mun sa fis kusa da batir, muka ɗaure kusoshi tam, muka huda katakon gadon domin iska, muka kuma hana ajiye buhun dusa a wurin. Da aka ta da janareta mita ta nuna 14.4, firiji ya kama.

Mun koma ƙauyukan bayan mako uku, wannan karo da kula da ƙanƙara a gefe. A biyu mun yi rigakafi lafiya. A na uku ciwon ya riga mu shiga, ba a kuwa yi wa garken da ya kamu, sai muka yi wa gidajen ƙetaren rafi kaɗai. Mun shirya da matan wurin za mu komo bayan wata uku, mu fara da su.