Ziyarar Gandun Daji Tare Da Yara: Jan Hankali Ga Iyaye

Yaron da ya tashi a Dutse Alhaji ko wata unguwa ta Abuja, yawanci bai san giwa ba sai a littafin makaranta. Saboda haka abu ne mai kyau maigida ya ɗauki iyalinsa zuwa gandun daji lokacin hutu. Amma tilas ne a san cewa gandun daji ba gidan zu ba ne. A gidan namun daji na yara da ke Asokoro dabbobi a killace suke. A gandu kuwa sake suke, mutum shi ne baƙo.

Mu ɗauki misalin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sa'an nan ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma akwai giwaye da ɓauna da dorina da gwanki a cikinsa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, watau daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. A sa'an nan ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi kuwa sukan taru a bakin Kogin Gaji, inda ake ganinsu ba wuya.

Daga Abuja tafiyar yini ce, ta Keffi da Akwanga da Jos. A yi sammako, a kwana a Bauchi, kada a yi tafiyar dare da yara. Kafin a tashi a kama ɗaki, a kuma tambayi hukumar gandun halin da hanya take ciki. Wanda ya yi niyyar zuwa Kamuku ko Tafkin Kainji, lalle ya fara tuntuɓar Hukumar Kula Da Gandayen Daji Ta Ƙasa da ke Abuja, domin waɗannan wurare sun yi fama da rashin tsaro.

A tanadi ruwan sha mai tsabta, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi. A sa wa yara riguna masu dogon hannu da takalma rufaffu saboda ƙudan tsando da ƙaya.

A masaukin Wikki gwaggon birai suna yawo a fili, kuma sun saba da fizgar abinci. Kada a bar yaro ya riƙe abinci a waje, kada ya ba su, kada ya jefe su. A riƙa kulle ƙofa da taga. Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa yana kan digiri 31 rani da damina, ga shi garai-garai, shi ya sa yara suke ɗokinsa. Amma wani wurin yana da zurfi, don haka kada yaro ya shiga sai babba yana kusa da shi.

In an fita kallon dabbobi, a tafi da ma'aikacin gandu, a yi shiru, kowa ya zauna cikin mota sai ya ba da izinin sauka. Giwa mai ɗa ba ta da haƙuri.

Daga ƙarshe, a koya wa yara kada su yar da leda ko su kunna wuta. Wannan daji amana ce, su ne kuma za su gaje ta.