Wa ke da hakkin kiɗan jita?

A 1990 mawaƙin Amurka Vanilla Ice ya ɗora waƙarsa "Ice Ice Baby" a kan gajeren kiɗan jita mai kaurin amo na "Under Pressure", waƙar da ƙungiyar Queen da David Bowie suka fitar a 1981. Bai nemi izini ba, bai ambaci kowa ba. Da lauyoyi suka taso shi gaba, sai aka sasanta ba tare da shari'a ba: ya biya kuɗi, aka sa sunayen 'yan ƙungiyar Queen da David Bowie cikin marubutan waƙar. A ganina sunan ya fi kuɗin amfani, domin ta nan ne rabonsu ke ci gaba da shigowa duk sa'ad da aka sayi waƙar ko rediyo ya sa ta.