Man Birki a Famfon Wankin Mota: Riwaya Marar Isnadi

Tun makon jiya wani saƙon murya yake zagaya wayoyin samarinmu masu wankin motoci da baburan zemijan a Hanukofe, har ya dangana da Agoe-Zongo, inda aka mai da jama'armu a 1977, kuma ni kaina sau uku ana turo mini shi, na ƙarshen ɗan ƙanena ne ya turo, ya haɗa da cewa, "Baba, ka ji sirrin da makanikai ke ɓoye mana." Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci wanda ya koya masa ba, amma ya miƙe ƙafa yana ba da fatawa a kan yoyon famfo sai ka ce shi ya ƙera shi.

Adalci ya wajabta in ce ya yi gaskiya a wuri guda: ruwan rijiya mai yashi, irin wanda muke ja a nan gefen tafki, yana cinye robobin famfo, saboda haka sanya matata a bakin tiyo wajibi ne. Batunsa na a ƙara ɗaure notunan kan famfo kuwa batili ne, ba ya haifar da kome sai cinyewar zaren noti. Farin tef ɗin da ya ambata kuma a mahaɗar tiyo yake aiki, ba a cikin famfo ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da'awarsa cewa idan famfo ya fara ɗiga, a jiƙa robobinsa cikin man birki, a kuma tsiyaya kaɗan cikin bakin mansa, wai roba za ta kumbura ta toshe yoyo. Shubuhar tana da ƙarfi ne domin rabinta sahihi ne, hakika robar tana kumbura, kuma yoyon yakan lafa na ɗan lokaci, shi ya sa ban ga laifin yaron da ya gaskata ba, alhali ga motoci a layi, ga mai injin yana jiran balas ɗinsa da yamma. Amma kumburin nan ba lafiya ba ne, alamar ruɓewa ce. Robar da ke cikin birkin mota jinsinta daban, an yi ta ne don ta jure wa man birki, ita kuma ta famfo, musamman wadda ke tsare bakin mai, galibi nau'in da ake kira nitiril ce, wadda ke zaman lafiya da bakin mai amma man birki ke sa ta ta yi laushi ta saki jiki. To, famfon da ke tura ruwa da ƙarfin bar 150 ko fiye, sandunansa uku na tangaran suna kai da komo sau ɗaruruwa a minti guda, ina zai bar roba mai laushi ta zauna? Sai ya yage ta, ruwa ya sami hanya ya kutsa cikin mai, ƙarafan ciki su shiga cin junansu, ɓarnar da canjin roba zai magance ta koma sayen sabon famfo.

Na ga haka da idona a wurin ɗan ƙanen nan nawa, wanda ya riga ya gwada kafin ya turo mini. Da makaniki ya zaro sandar awon mai, sai ga man fari kamar an dama fura da nono, robar kuwa da ya ciro ya murza tsakanin yatsunsa, ta lotse kamar danƙo. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗan'uwa, wa ya ba ka wannan lakani?" Yaro ya sunkuyar da kai.

Gyaran na asali ba sirri ba ne: a kashe inji, a danna bindigar feshi ƙarfin ruwan ya fita, a kwance kan famfo, a duba sandunan ko akwai mai tsagewa, domin tsagaggen tangaran yana yanka sabuwar roba nan take, sa'an nan a canja robobin duka uku da masu lambar famfon, a zuba sabon mai. Kada a bar inji yana ruri bindiga na rufe fiye da minti biyu, don ruwan da ke kewaye a ciki zafi yake yi ya dafa roba. Kuma kada kowa ya laluba wurin yoyo da hannu inji na aiki, gama ruwa mai wannan ƙarfi yana huda fata, kuma ko da hudar ba ta fi ta allura ba, asibiti za a nufa nan da nan.