Agwagin Zamfara da Ilimin da Jami'o'inmu Suka Rarraba

 

Kafin yara su fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a shekarar 2010, agwagi ne suka riga su. Daga baya mutanen yankin suka shaida wa masu bincike cewa sun lura agwagin suna ƙarewa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, domin mutuwar agwagwa ba labarin da ake kai wa asibiti ba ne. Bayan ’yan watanni sai ƙananan yara suka shiga amai da ciwon ciki da jijjiga, wasu suka makance, wasu suka suma ba su farfaɗo ba. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba a ga sauƙi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jinin yaran aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce.

Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gidan da yaro ke rarrafe. Ƙurar ta sauka a ƙasa da kwanukan abinci da kududdufan da dabbobi ke sha, yaro kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa yake kai wa. A ƙauyuka biyu da aka fara bi gida-gida, an tarar cewa yaro ɗaya cikin kowane huɗu ’yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu a jihar ta kai yara 400 ko fiye, dubbai kuma suka buƙaci magani. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Abin da ya sa muka dawo da wannan labari a yau shi ne tambayar da ta shafi ɗalibanmu da iyayensu: wa ya kamata ya fara gane abin da ke faruwa? Likitan dabbobi ya san cewa tsuntsayen ruwa suna saurin mutuwa da dalma. Masanin duwatsu ya san abin da ke cikin dutsen. Likitan yara ya san alamomin gubar. Duba-gari ya san hatsarin niƙa dutse a tsakar gida. Dukkansu muna yaye su a jami'o'inmu da kwalejojinmu, wani lokaci a haraba ɗaya, amma kowa a tsangayarsa, da manhajarsa, da majalisar sana'arsa, har su gama ba su taɓa zama aji ɗaya a kan matsala ɗaya ba. Ilimin da zai ceci yaran yana nan a ƙasar, a rarrabe yake.

Maganin ma ya nuna haka. Akwai ƙwayar da ke fitar da dalma daga jiki, amma likitoci ba sa soma ba yaro ita sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidansu an zuba sabuwa, don in ya koma cikin ƙurar aikin ya zama na banza. Wannan ne ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin share garin. Likita ya tsaya jiran mai kwashe ƙasa, mai kwashe ƙasa na jiran gwamnati, dukkansu kuma suna buƙatar sarki da limami su shawo kan jama'a a fitar da niƙan dutse daga cikin gari.

Duniya ta ba wannan fahimta suna. Ana kiran ta Lafiya Ɗaya, wato lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a ɗaure suke, kuma a ƙarshen 2019 ma'aikatun lafiya da noma da muhalli na Tarayyar Nijeriya sun fitar da tsari na haɗin gwiwa a kanta. Ga Musulmi kuwa, sunan ne kawai sabo. Aya ta 41 a Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, farkon Suratur Rahman kuma ya yi gargaɗi kan ƙetare ma'aunin da Allah Ya kafa. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani ga yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, Abu Dawud ya ruwaito hani ga yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke zama. Daga hadisin da ya haramta cutarwa da ramuwa da cuta malaman fiƙihu suka ciro ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi, suka kuma yi babi a kan hurumin rijiya da na kogi, da makiyayar da ake keɓewa don amfanin jama'a, kamar yadda Sayyidina Umar (Allah Ya ƙara masa yarda) ya keɓe Rabaza. A ƙasarmu, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basur. Gida ɗaya ne ya riƙe fiƙihun ƙasa da ilimin jiki, ba su ga saɓani a tsakaninsu ba.

Imam Gazali ya koka a cikin Ihya'u cewa a zamaninsa garuruwa sun cika da masu neman zurfi a furu'an fiƙihu, alhali babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsu, ga shi kuwa likitanci farali ne na kifaya. Da zai leƙo garuruwanmu, muna jin zai ƙara da wanda ya iya auna ruwan rijiya da ƙasar tsakar gida. Iyayen da ke ganin ɗansu ya yi asara idan bai samu gurbin likitanci ba, aka tura shi sashen lafiyar muhalli ko na ilimin ƙasa, ya kamata su sake dubawa.

Kafa irin wannan karatu a jami'a shi ne inda wahalar take, kuma yawancinta ta shugabanci ce. Darasin da ya ratsa tsangaya uku ba shi da uba. Wane shugaban sashe ne zai sa shi a jadawalinsa, ya ba shi ɗaki da sa'o'i? Kasafin wa zai sayi man motar fita ƙauye? Malamin da ya ɓata shekara biyu yana koyar da ɗaliban wata tsangaya, idan lokacin ƙarin girma ya zo, sai a tambaye shi maƙalun da ya buga a fanninsa kaɗai. Ba abin mamaki ba ne idan ya janye jiki. Ga kuma majalisun sana'a, ta likitoci da ta likitocin dabbobi da ta jami'an lafiyar muhalli, kowace ta cika wa ɗalibi shekarunsa da abin da take son ya sani, har babu wurin saka tsinke. Sau da yawa mafitar da jami'a ke zaɓa ita ce ta buɗe sabuwar cibiya da kuɗin tallafi daga waje, a sa allo, a yanka zare, a yi taron bita. Ranar da tallafin ya ƙare, sai a bar allon da mai gadi.

Duk da haka akwai abin koyi a gida. Tun 2008 ake gudanar da shirin horas da masu bin diddigin annoba na ƙasa, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, inda likitan mutane da na dabbobi da masanin ɗakin gwaji ke karatu tare na shekara biyu, mafi yawan lokacin a fagen aiki. ’Yan wannan shiri suna cikin waɗanda suka shiga ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma da su aka bi sawun cutar Ebola a Legas a 2014. Sai dai wannan karatu ne na digiri na biyu, na mutane ƙalilan. Tambayar ita ce yadda za a sauko da ruhinsa zuwa digiri na farko, inda dubbai suke.

Ƙofa ta buɗe a Disambar 2022, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A ganinmu nan ne gurbin wannan darasi, kuma tilas a gina shi a kan matsalar da ke bakin ƙofa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da kwalejin lafiya da tsangayar likitancin dabbobi da ta noma, ga kuma tsohon sashen nazarin addinin Musulunci. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana jihar da abin ya auku. Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da cibiyar nazarin lafiyar al'umma, a birnin da ruwan majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai ke gangarawa cikin rafuka, kuma ake noman latas da kabeji da ruwan Jakara. Ɗalibin da ya ɗebi wannan ruwa da hannunsa ya auna, ya bi kayan lambun har kasuwa, ya zauna da manomin da ba shi da wani ruwan sai wannan, ya koyi abin da lacca goma ba za ta ba shi ba. Idan shugaban jami'a ya riƙe darasin a ofishinsa, da layin kuɗi na kansa a kasafi, aka kuma lissafa wa malamai koyar da shi a wajen ƙarin girma, rabin gardamar ta ƙare.

Abu biyu muke tsoron a manta. Na farko mata. A ƙauyukan Zamfara cikin gida ake sarrafa duwatsun, mata na cikin masu aikin, yaran kuma a hannunsu suke. Namiji baƙo, ko da digiri nawa ya zo, a zaure zai tsaya. Ɗalibar da ta iya Hausa, ta san ladabin shiga gidan mutane, ita ce za ta ga inda ake shanya garin dutse kusa da tukunyar tuwo. Shirin da bai tanadi gurabe da masauki mai aminci ga ɗalibai mata ba ya bar rabin aikinsa a waje.

Na biyu malaman addini. An saba gayyatar liman ya buɗe taro da addu'a, ya rufe da addu'a, tsakani kuwa ba a tambayarsa komai. Alhali tambayoyin da mutanen ƙauye ke yi na fiƙihu ne: mene ne hukuncin sana'ar da nake ciyar da iyalina da ita idan tana cutar da ɗan maƙwabcina? Ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canza ba, ya halatta a yi alwala da shi, to shan sa fa, idan awo ya nuna guba? Ɗalibin shari'a da ya zauna aji ɗaya da ɗalibin kimiyyar sinadarai zai iya amsa wannan a kan mumbari ba tare da ya yi wa addini ko kimiyya ƙarya ba. Shi ma ɗalibin kimiyyar zai gane cewa mai haƙar zinariya talauci ne ya kai shi rami, kuma umarnin “a daina” ba ya cika ciki. Abin da ya fi karɓuwa a wurin mahaƙa shi ne a nuna musu yadda za su jiƙa dutse kafin niƙa don rage ƙura, su yi aikin nesa da gida, su wanke jiki su canza tufafi kafin su ɗauki yaro.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage hanin a ƙarshen 2024. Dalmar tana nan a cikin duwatsun kamar yadda take a 2010, farashin zinariya kuwa ya ninka na wancan lokaci. Yaran Dareta da ’Yargalma da suka tsira a waccan shekara sun kai shekarun shiga jami'a, ko da yake gubar ta taɓa ƙwaƙwalwar wasunsu ta yadda karatu zai yi musu wuya. Rashin tsaro zai hana a kai ɗalibai wasu daga cikin ƙauyukan a yanzu, amma ana iya kawo samfurin ƙasa da ruwa Gusau ko Sakkwato a auna, ana kuma iya ware wa ’ya’yan waɗannan ƙauyuka gurabe a ajin farko, da tallafin zakka ko waƙafi, don su ne za su koma gida lokacin hutu su ga ko agwagi sun fara raguwa.