Takardar Shaidar Kammala Sakandare ta Ƙasar Ayalan da Matsayinta a Tsakanin Takwarorinta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai ya san wuyar da ake sha idan aka kawo takardar shaida daga wata ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda takardar kammala sakandare ta Jamhuriyar Ayalan take, sa'an nan a auna ta da na wasu ƙasashe. Abin da za a nuna shi ne, sunan takarda ba ya isa ma'auni. Sai an dubi yawan darussan da ta ƙunsa, da zurfinsu, da kuma wanda ya shirya jarrabawar.

2.0 Tsarin Karatun

An kafa wannan takarda, wadda suke kira Leaving Certificate, da dokar ilmi ta 1924, aka yi jarrabawar farko a 1925. Da can 'ya'yan masu hali ne suka fi kai wa gare ta, har zuwa 1966 da Ministan Ilmi, Donogh O'Malley, ya ba da sanarwar ilmin sakandare kyauta, wanda aka fara a 1967.

Yaro yakan yi shekara takwas a firamare, sa'an nan uku a ƙaramar sakandare. Bayan haka akwai shekara ɗaya ta share fage, wadda aka fara gwadawa a 1974, ba a kuma yin jarrabawar ƙasa a cikinta. Daga nan sai shekara biyu na babbar sakandare. Galibin ɗalibai sukan ɗauki darasi bakwai, ciki har da Turanci da Lissafi da harshen Ayirish, in ban da wanda aka ɗauke wa wannan harshe. Kowane darasi yana da babban mataki da matsakaici. A watan Yuni ake zama jarrabawar, kuma tun 2003 Hukumar Jarrabawa ta Ƙasa ke shirya ta.

3.0 Maki da Shiga Jami'a

Tun daga 2017 ana rarraba sakamako zuwa daraja takwas, watau H1 zuwa H8 a babban mataki, O1 zuwa O8 a matsakaici. Wanda ya sami kashi 90 cikin ɗari ko fiye a babban mataki shi ke da H1, wadda ke jawo maki 100. H2 tana da 88, H3 kuwa 77. Mafi girman daraja a matsakaicin mataki, O1, makinta 56 ne kurum. Akan tara makin darussa shida da ɗalibi ya fi ci, a ƙara 25 ga wanda ya ci babban Lissafi, saboda haka iyakar abin da ake samu shi ne 625.

Ofishin tsakiya na neman gurbi, wanda aka kafa a 1976, shi ke jera masu nema bisa ga makinsu. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki a kan gurbin ƙarshe, ƙuri'a ke raba gardama. A nan ne ake ganin nauyin al'amarin: maki kaɗan na iya raba yaro da karatun da ya sa wa rai.

4.0 Kwatanci da Wasu Ƙasashe

4.1 Ingila. A can ɗalibi yakan taƙaita ga darasi uku a shekara biyunsa na ƙarshe, ya zurfafa a cikinsu, kamar dai yadda aka yi a Nijeriya zamanin H.S.C. Ma'aunin hukumar UCAS ta Birtaniya ya ba H1 maki 36, watau tsakanin daraja B mai 40 da C mai 32 a jarrabawar A-level. In darasi ɗaya aka duba, sai a ce na Ayalan ya gaza. Amma in aka tara, H1 shida sun kai 216, alhali A* uku, kowace da maki 56, 168 ne. Ashe bambancin na fasali ne: ɗaya ta yi faɗi, ɗaya ta yi zurfi. Ɗaliban Ayalan ta Arewa, waɗanda tsarin Ingila suke bi, sun daɗe suna kuka da cewa sai da darasi huɗu ake kai ƙololuwar maki a jami'o'in Jamhuriyar, kafin daga baya a yi wa ma'aunin gyara.

4.2 Faransa da Jamus. Bakaloriya ta Faransa, wadda aka kafa a 1808, da Abitur ta Jamus sun fi kusa da ta Ayalan wajen yawan darussa. Haka kuma Difilomar Bakaloriya ta Duniya, wadda aka kafa hukumarta a Janiba a 1968: darasi shida ce, iyakar makinta 45.

4.3 Amurka. A nan ne suna ya fi ruɗarwa. Difilomar sakandare ta Amurka makaranta ce ko hukumar ilmi ta yanki ke bayarwa, ba tare da jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya ba. Don haka jami'o'in ƙetare sukan nemi ƙarin shaida, kamar sakamakon SAT ko AP, kafin su daidaita ta da takarda irin ta Ayalan.

5.0 Ma'aunin Bai-ɗaya

Domin rage wannan ruɗani, a 2003 Ayalan ta kafa tsanin shaidun ilmi mai hawa goma, ta sa takardar kammala sakandare a hawa na 4 da na 5. Waɗannan sun yi daidai da hawa na 3 da na 4 a tsanin Turai mai hawa takwas. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997 kuma ta tanadi cewa a karɓi shaidar wata ƙasa, sai fa in an tabbatar akwai babban bambanci, kuma nauyin tabbatarwar yana kan hukumar da ta ƙi karɓa.

6.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ya kamata mai tantance takardar Ayalan ya yi tambaya uku: a wane mataki aka ci darasin, darasi nawa aka ci, kuma wane fanni ɗalibin yake nema? Mai neman karatun injiniya, alal misali, babban Lissafinsa za a fara dubawa kafin jimlar makinsa. Jami'ar da ta tsaya ga suna kaɗai za ta iya korar ɗalibin da ya cancanta, ta ɗauki wanda bai shirya ba.