Daga Lungun Birni Zuwa Bakin Gona

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwanon masara da na shinkafa suka fi ƙarfin albashi, wata magana ta yawaita a majalisun cikin birnin Kano: a sayar da kason gidan gado, a nemi 'yar gona wajen Gezawa ko Kura ko Bichi, a kwashe iyali a koma can a huta. Duk wanda ya san zaman Yakasai ko Mandawari ba zai ga laifin mai wannan tunani ba. An yayyanka tsakar gida an yi ɗakuna, lungu ya matse har makara sai an karkata ta kafin ta wuce, ruwa sai an tare mai kura an sayi jarka, wuta kuwa sai ta ga dama.

Bakano da gona ba baƙin juna ba ne. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, har gonaki ta kewaye, don mutane su sami abin ci idan maƙiya suka yi wa gari zobe. Turawa matafiya, Clapperton da ya zo a 1824 da Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo a 1851, duk sun rubuta cewa babban ɓangare na cikin ganuwa fili ne da gonaki. Sunan unguwar Gandun Albasa ma ya isa shaida.

Sai dai abin da ya riƙe gonakin kewayen Kano ɗaruruwan shekaru ana noma su duk damina ba hutu, shi ne birnin kansa. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa ta ƙofofin gari da itace da hatsi, su fita da mangala cike da taki: toka, kashin awaki, sharar gida da ta ruɓe a juji. Da rani za ka ga gona an jera mata tsibi-tsibin takin nan, baƙi-baƙi a kan farar ƙasa, ana jiran ruwan fari a watsa. Manomi ya ajiye tumaki da awaki, ya ba su harawar wake da ta gyaɗa, su kuma su mayar masa da taki. Gero da dawa a kunya, wake a tsakani yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ɗorawa da gawo da kuka a tsaye ba a sare su. Wannan ilimi ne, kuma ba a kwana ɗaya ake koyon sa ba. Ɗan birnin da ya sayi gona ya ɗauka buhun takin zamani zai wadatar, a damina ta biyu zai ga ƙuduji ya yi fure a gindin dawarsa, alamar ƙasa ta gaji.

A nan ne nake ganin masu niyyar ƙaura suke yin kuskuren lissafi. Damina a Kano wata huɗu ce ko ɗan sama da haka, daga Yuni zuwa Satumba. 'Yar gonar da ba ta wuce eka ɗaya ko biyu ba da wuya ta cika rumbun da zai kai iyali mai yawa wata kakar, ga kuɗin huɗa, ga 'yan ƙwadagon noman firi da maimai, tunda yaran birni ba su saba da fartanya ba. Manoman karkarar Kano ma ba su taɓa dogara da gona kaɗai ba. Polly Hill ta nuna haka a bincikenta kan Ɗorayi da aka buga a 1977: gonaki ƙanana, mutane da yawa, kowa da sana'ar da yake haɗawa da noma.

Akwai kuma lissafin da maigida kan manta, na uwargida. A lungun birni mace tana ɗakinta tana soya ƙosai, tana ɗinkin hula, tana zubin adashi, domin masu saye suna bayan katanga. A gidan gona da ke nesa da maƙwabta wa zai saya? Ga islamiyyar yara, ga haihuwar dare, wadda a birni ɗan sahu zai kai mai naƙuda asibitin Murtala cikin mintuna. Maganar ƙaura da ba a zauna da matan gida an yi ta ba, da wuya ta yi ƙarko.

Ruwa shi ne ke raba gonar da za ta riƙe iyali da wadda za ta cinye jarinsu. Dam ɗin Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo ya sa Kadawa da Kura da Bunkure suna noman shinkafa, alkama da tumatir rani da damina, shi ya sa ƙasa take da tsada a can. Lambunan bakin rafin Jakara kuwa suna kusa da kasuwa, amma ruwan kwatar gari ne, gaba kuma ya haɗu da na masana'antun Bompai.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce kada ya fara da sayar da ɗakinsa na birni. Ya karɓi aro ko haya ko jinginar gona, ya yi damina biyu yana zuwa yana dawowa, ya fara da tumaki kaɗan da kaji. In ya zo saye, ya sa mai unguwa da dagaci su shaida, ya tabbatar duk magada sun yarda, ya nemi takarda, domin a Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 filin karkara yana hannun ƙaramar hukuma, na birni kuma a hannun gwamna. Ya kuma duba inda gari ya dosa. Ɗorayin da Polly Hill ta auna gonakinta yau unguwa ce cike da gidaje, kuma a Kumbotso da Ungogo masu awon igiya suna nan suna yanka gonaki filoti-filoti.